Tambaya kan tafiyar yini ɗaya a dajin tsauni da aka taɓa saran katako

Mai son daji:
Assalamu alaikum. Ni da abokaina muna shirin tafiyar ƙasa ta yini ɗaya a wani dajin tsauni da aka daɗe da daina saran katako a cikinsa. Taswira ta nuna kilomita 15 da hawan mita 600, kuma rabin hanyar tsohon titin motocin katako ne. Yaya za mu lissafa lokaci, kuma ana iya dogaro da irin wannan titi?

Tsohon matafiyi:
Wa alaikumus salam. Akwai ƙa'idar da William Naismith, wani mahayin tsaunuka ɗan Sikotland, ya kawo a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, da ƙarin awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Ke nan awa 4 za ku yi, ban da hutu. Ku fita da sassafe, domin duhu yana riga shiga daji kafin ya shiga fili.

Mai taswira:
Malam, titin ne ya fi damuna. Masu saran katako sun yi shi ne domin su kai ga itatuwa, saboda haka yana rarrabuwa, kuma reshe da yawa yana ƙarewa ne a filin da ake tara gungume, ba ya ɓullewa ko'ina. Sau da yawa reshen da ya fi faɗi shi ne mai yaudara, kuma ba duka ke cikin taswira ba. Tunda babu mai gyara, za ku iya tarar da kwalbati ya toshe, ruwa ya yanke titin, ko gada ta ruɓe. Ku sauke taswirar a waya tun kuna gida, ku riƙe ta takarda, ku tsaya a kowace mararraba ku tabbatar kafin ku wuce.

Mai nazarin itatuwa:
Na yarda da mai taswira. Itatuwan da suka tsiro bayan sara kusan sa'o'in juna ne, a cunkushe, shi ya sa ko'ina yake kama da ko'ina. Amma ku lura da manyan kututtura: a wasu dazuzzuka za ku ga gurbin da masu sara suka yi a jikinsu, inda suke cusa katakon da suke tsayawa a kai su ja zarto. Ku kula da tsatsattun igiyoyin ƙarfe a cikin ciyawa, suna harɗe ƙafa. Ku kuma tafi da rigar sanyi, domin zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowane mita 1,000 na hawa.