Su wane ne a wannan tsohuwar tallar garmaho?

Ɗan Fagge a Filadelfiya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar na tsinci shafi guda na wata tsohuwar mujalla a kasuwar gwanjo, dala uku. Tallar Victor ce, kamfanin da ke ƙera garmaho da faifai a da, ga karen nan na tambarinsu a kusurwa ya kafa kunne a bakin ƙaho. Mutum shida ne tsaye kewaye da akwatin garmaho mai ƙafafu. Abin haushi, ƙasan takardar, inda aka jera sunayensu, ya yage. Biyu ne suka fi fitowa: wani ƙaƙƙarfa cikin farar riga burmemiya mai manyan maɓallai, fuska duk hoda, da wata siririyar mata mai doguwar fuska, ta raba gashi a tsakiya. Wa ya gane su?

Malam Garmaho:
Wa alaikumus salam. Mai hodar nan, in ta Victor ce, mawaƙi Enrico Caruso ne cikin shigar Canio, jarumin wasan opera (wasan kwaikwayo na waƙa) mai suna Pagliacci. Tun 1904 yake yi musu faifai har ya kusa rasuwa a 1921, kuma da wuya su jera mawaƙa ba shi a ciki. Kai ma ka bar gini tun ran zane, Ɗan Fagge: kamfanin a garin Camden yake a wancan lokacin, kogi kawai za ka tsallaka daga inda kake.

Uwar Hanan:
Malam, a yi hattara da kaya. Riga tana nuna rawar da mutum ya taka a wasa ne, mawaƙa da yawa sun sa irinta. A duba fuska: Caruso mai faffaɗar fuska ne da kaurin wuya. Ni akwatin nake fara dubawa. Wanda aka ɓoye wa ƙaho a ciki Victrola ne, sai 1906 ya fito, to tallar ba ta girme haka ba. Matar kuwa, Ɗan Fagge, yadda ka kwatanta, ta yi mini kama da mawaƙiya Amelita Galli-Curci. In ita ce, sai daga ƙarshen 1916, lokacin da ta yi fice a Chicago kuma ta fara yi wa Victor faifai. Juya takardar ka ga abin da ke bayanta.

Baba Tela:
Ni dai karen na sani. Yana jikin faifan garmahon mahaifinmu, muna yara mun ɗauka shi ke waƙar. Nipper sunansa, ashe.

Ɗan Fagge a Filadelfiya:
Hajiya, Allah ya ƙara basira. Na juya, sai ga kira ga Amurkawa su sayi takardun lamunin yaƙi na Liberty. Wato tsakanin 1917 da 1919 ke nan, ya yi daidai da lissafinki. Saura huɗu. Akwai wata dattijuwa mai jiki da farin gashi a gefen hagu.

Uwar Hanan:
Gwada mawaƙiya Ernestine Schumann-Heink. Nemi kundin faifan Victor na shekarun, sashen Red Seal, na faifan manyan mawaƙansu, akwai hotuna da sunaye. Ka sa mana hoton gefen hagun, amma a hasken rana.