Neman kalma: me za mu kira "shota sifid" a darasin hoton yara a filin wasa?

Hajara Zariya:
Salamu alaikum jama'a. Ranar Asabar zan koyar da malaman wasanni na firamare yadda ake ɗaukar hoton yara suna ƙwallo da tsere, takardar darasin kuma za ta tafi wajen bugawa Alhamis da safe. Na maƙale a kan abin da masu hoto ke kira shota sifid, wato lambar da ake saitawa a kyamara don kada hoton abu mai motsi ya fito dishi-dishi. Jimlar ita ce: "Idan yaro yana gudu, kada ____ ya gaza 1/800." Akwai afaca (ƙofar da haske ke bi ya shiga kyamara) da fokas (daidaita kyamara don abin da ake ɗauka ya fito sarai) ma, amma wannan ta fi damuna.

Sani Mai Kyamara:
Wa alaikumus salam Malama. Ki sa "saurin shota" ki wuce. Duk mai hoto daga Kano har Jos da shi yake magana. Sai dai ki gyara lambar. 1/800 ta isa ga 'yan shekara shida zuwa tara, amma 'yan aji biyar da shida idan sun ɗirka wa ƙwallo ƙafa, ƙafar da ƙwallon za su fito dishi-dishi in ba a kai 1/1000 ba.

Malam Garba Sakkwato:
Saurin me? Ashe sai mu ɗauki rabin Turanci mu liƙa wa rabin Hausa mu ce mun fassara? Abin nan buɗewa yake yi ya rufe kamar ido. Muna da ƙyafta. Tsarin sunan kayan aiki kuwa sananne ne: buɗe, mabuɗi, rufe, marufi, goge, magogi. To ƙyafta, maƙyafti. Jam'i maƙyaftai. "Saurin maƙyafti." Magana ta ƙare.

Aunty Bilki:
Ni "labule" nake cewa, domin ainihin abin da ke cikin kyamara ke nan. Labule biyu ne a gaban sashen da ke karɓar haske. Na farko ya janye, na biyu ya biyo shi ya rufe. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce wannan lambar.

Sani Mai Kyamara:
Haka ne Aunty, amma rabin malaman nan da waya za su ɗauka, waya kuwa ba ta da labule. Layi-layi take karanta hoton daga sama zuwa ƙasa, shi ya sa wani lokaci ƙwallon da aka buga da ƙarfi ke fitowa a miƙe kamar ƙwai. In aka ce musu labule, za su nemi labulen su rasa.

Injiniya Ɗanladi:
Kafin ku yi faɗa kan rabi na biyu, rabi na farko ne ke da matsala. Lambar nan lokaci ce, ba sauri ba. 1/1000 na nufin an bar haske ya shiga na kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Yaron da ke gudun mita 5 a daƙiƙa zai matsa milimita 5 a wannan lokacin, ba wanda zai lura. A 1/125 zai matsa santimita 4, fuska ta ɓaci ke nan. Ku duba jimlar Malama: "kada ya gaza 1/800." Malamin da ya iya lissafi zai ce 1/500 ta fi 1/800 girma, don haka bai gaza ba, ya saita 1/500 ya dawo da hotuna marasa kyau, kuma ba laifinsa ba ne. Ni da "tsawon lokacin buɗewa" zan tafi.

Hajara Zariya:
Kai, Injiniya, Allah ya saka. Ban ga wannan tarkon ba. Amma kalma uku ce, kuma za ta fito a kusan kowane sakin layi.

Malam Garba Sakkwato:
Shi ya sa na ce maƙyafti. Kalma ɗaya tilo.

Ɗan Damagaram:
Ranka ya daɗe, maƙyafti sunan na'urar ne, ita kuwa Malama ma'aunin take nema. Mu a nan Nijar ma waɗanda suka koyi hoto da Faransanci kalmar sauri suke amfani da ita, kuma ruɗanin da Injiniya ya faɗa yana nan. Me zai hana a bar sunan na'ura gaba ɗaya, a ce "ƙiftawa" kawai? Gajeriyar ƙiftawa, doguwar ƙiftawa. Kowa ya san ƙiftawa da bisimilla.

Malam Garba Sakkwato:
Ƙyaftawa dai, ba ƙiftawa ba. Ba komai ne za a auna da bakin Kano ba.

Sani Mai Kyamara:
To ga shi an fara. Malam, "hoto" ɗin da muke ta faɗa daga ina ya zo? Kyamara fa? Majigi fa? Ba wanda ya mutu don an are su. Yaron shago in ka ce masa maƙyafti zai zaci maganin ciwon ido ka zo saye.

Malam Garba Sakkwato:
Su waɗanda suka ari hoto ai su ne suka ce "dodon hoto" da "wanke hoto", ba su ari waɗannan ba. Suna da zuciyar ƙirƙira. Ku 'yan yanzu kunyar harshenku kuke ji, kuna ganin sai an yi Turanci ake zama ƙwararre. Tun ƙamus ɗin Bargery na 1934 ake tattara kalmomin nan, ku kuna zubarwa.

Aunty Bilki:
Malam, a yi haƙuri, ba kunya ba ce. Maɓallin da ke kan kyamara ba da Hausa aka rubuta shi ba. A kyamarar Canon Tv ne, a ta Nikon S ne. Ko me muka kira shi, dole Malama ta rubuta waɗannan haruffa, in ba haka ba malamin zai tsaya bakin fili yana juya maɓalli har a tashi wasa.

Malama, ga abin da ya kamata ya biyo bayan jimlar taki. A sa kyamara a Tv ko S, a zaɓi 1/1000, a bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, ya daidaita kansa. Duk sanda aka rage lokacin da rabi, hasken da ke shiga ya ragu da rabi, sai ISO ya ninka: abin da 1/500 ke yi a ISO 400, 1/1000 na bukatar 800. Da hantsi ba matsala. Matsalar tana zuwa bayan la'asar sakaliya, lokacin da yawancin wasannin yara ke kaiwa ƙarshe, musamman da gilashin kyamara mai jawo nesa na 70-300, wanda ƙofar haskensa ke tsukewa zuwa f/5.6 idan an jawo shi. ISO zai haura 3200, hoto ya yi tsakuwa-tsakuwa. A bar shi ya haura. Hoto mai tsakuwa ana iya rage masa ita a kwamfuta, wanda ya yi dishi-dishi saboda motsi kuwa sai shara.

Injiniya Ɗanladi:
Ƙari kaɗan. Fokas ya zama mai bin motsi, AI Servo a Canon, AF-C a Nikon. In aka bar shi a na ɗauka ɗaya, zai kama inda yaron yake tun ɗazu, shi kuwa ya riga ya matso. Mai ɗauka ya durƙusa daidai tsayin yaran, rana a bayansa, kusa da kusurwar ragar da ake kai wa hari don fuskoki su fuskanto shi. Lokacin hunturu kada a sauya gilashi a fili, ƙura za ta shiga ta zauna, ta riƙa fitowa ɗigo-ɗigo a sararin saman kowane hoto.

Ɗan Damagaram:
Kuma a nemi izinin iyaye ta hannun hukumar makaranta kafin ranar wasa. In za a sa a Facebook, kada a haɗa fuskar yaro da cikakken sunansa da sunan makarantarsa.

Malam Garba Sakkwato:
Duk na ji. Amma "fokas" ɗin nan ma ba zan bari ya wuce ba. Saiti muke da shi.

Sani Mai Kyamara:
Saiti ma aro ne, Malam.

Hajara Zariya:
Don Allah a bar fokas zuwa wani zaren, lokaci ya ƙure. Ga abin da zan aika: "Lokacin ƙiftawa, wanda masu hoto ke kira shota sifid, shi ne ɗan lokacin da haske ke shiga kyamara. Idan yara suna gudu, a sa shi a 1/1000. Lambar ƙasa kada ta gaza 800." Daga nan sai in riƙa cewa ƙiftawa kawai. Afaca na sa "ƙofar haske" na wucin gadi, duk da na san za a tambaye ni dalilin da ƙaramar lamba ke nufin babbar ƙofa.

Malam Garba Sakkwato:
Tunda tushen kalmar nawa ne, ba zan ja ba. Amma ki sa "y" ɗin. Kuma inda za ki ambaci na'urar kanta, maƙyafti ne.

Hajara Zariya:
Ba na ambatar na'urar a ko'ina, Malam. Batun "y" zan duba da daddare.