Neman kalma: allon da ke bayan kushin na bangon jirgin ruwa

Mai fassara: Salamu alaikum jama'a. Kalmomi biyu nake nema. A ɗakin ƙananan jiragen ruwa ana rufe bango da rufi da wasu alluna marasa kauri: a manna soso a fuska, a ja leda a kai, a lanƙwaso bakinta ta baya a kama da fil ɗin sitefula. To allon nan da ke ɓoye a baya, me za mu kira shi? Sai kuma irin katakon da ake yanko shi, wanda Turawa ke ce wa "marine plywood". Ni dai "katakon ruwa" ne ya fara zuwa mini a baki.

Kafinta: Wa alaikumus salam, Malam. Katakon ruwa yana da daɗin faɗa, amma zai cuci mai saye. Duk wanda ya ji zai ɗauka ruwa ba ya yi masa komai, alhali itacen yana shan ruwa, har ruɓewa yake yi. Abin da ba ya jin ruwa shi ne gam ɗin da aka manne siraran fallayen katakon da shi. Ko ka tafasa guntun allon, falle ba zai saki ɗan'uwansa ba. Dubi gefen allo, siraran layukan nan masu duhu tsakanin fallaye, gam ɗin ke nan. Na biyu kuma cikinsa. Filawud, wato katako mai falle-falle, na gama-gari in ka yanka sai ka tarar da ramuka a tsakiya, nan danshi ke kwanciya ya ci allon ta ciki, fuska kuwa tana nan lafiya lau. A na jirgi ba a yarda da ramukan ba, kuma a kan irin waɗannan sharuɗɗa ma'aunin Birtaniya na BS 1088 da ake buga masa ya tsaya. Da yawan na jirgin ma itacen okume ne, na dazukan Gabon da maƙwabtanta, wanda aka zaɓa don rashin nauyi. Wajen jure ruɓa rago ne. Itacen meranti ya fi shi juriya, ya kuma fi shi nauyi.

Malamar Hausa: To ai sai a ce "katakon jirgi", a huta.

Kafinta: Malama, ya yi faɗi. Falankin jikin jirgi katakon jirgi ne, na daɓen sama ma haka. In ka aiki yaro da wannan suna, Allah kaɗai ya san abin da zai ɗauko.

Malamar Hausa: Ka yi gaskiya. Na so in kauce wa aro ne, na ce ko "katako mai falle-falle na jirgi", amma ni kaina kafin in kai ƙarshensa na gaji. Filawud ta riga ta zauna a bakin masu sana'a, ba mai korar ta yanzu. A bar shi "filawud ɗin jirgi". Falle-fallen kuma ya tsaya a matsayin bayani ga wanda bai san filawud ba.

Mai kushin: Na goyi baya. Allon kuwa mu "allon kushin" za mu ce, ba sai an wahala ba. Wani ya taɓa kawo "ƙashin kushin", amma ƙashi a wurinmu firam ɗin kujera ne, mai ɗaukar nauyin mutum. Wannan bai ɗauki komai ba sai soso da leda, shi ya sa kaurin milimita 6 ya ishi bango miƙaƙƙe, inda bangon ya lanƙwashe kuma a sauko 4 don ya bi. Sai dai a gwada tsawon fil a guntu tukuna, don a allo marar kauri yakan huda ya leƙo ta fuska, ya yaga ledar. Fil ɗin kuma ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, ko na monel, wato gaurayen nikel da jan ƙarfe. Fil na talaka, wato na gama-gari, cikin iskar gishiri jan tabo zai zubo, ledar ta saki.

Kuma don Allah, Malam, ka rubuta a fassararka cewa kafin soso ya hau sai an shafe allon da ifoksi, wani gam mai toshe ruwa, gaba da baya, musamman gefuna da ramukan ƙusa, don ta nan yake shan ruwa. MDF kam, allon nan na garin katako da aka matse, kada a ko kusance shi, danshi kaɗan ya kumbura kamar soson da ke kansa. Filawud ɗin da aka ɗura wa maganin ruɓa ma a yi hattara, jan ƙarfen da ke cikin maganin yana cin fil na talaka, yana cin alminiyum.

Mai fassara: Madalla, na gode. Na ɗauki filawud ɗin jirgi da allon kushin. Amma akwai masu yin allon da robar PVC, babu katako ko kaɗan. Shi ma allon kushin ne?

Mai kushin: Shi ma. Sunan na aikin ne. In ana son bambancewa sai a ƙara "na roba" ko "na filawud".