Musayar Waƙa: Minti 77 a Makarantar Uvalde

Maman Safiyya, Houston

Assalamu alaikum. Yau 24 ga Mayu 2024, shekara biyu ke nan cif da ranar da wani saurayi mai shekara 18 ya shiga makarantar firamare ta Robb da ke garin Uvalde a jihar Teksas ta Amurka da bindiga samfurin AR-15, ya kashe yara 19 da malamansu mata 2. A wannan jiha nake zaune, 'ya'yana biyu kuma suna firamare, shi ya sa wannan rana ba ta wuce ni ba tare da na yi kuka ba. Na buɗe da ƙwar biyu, wato baiti mai layi biyu, amsa-amona “wa”, duk mai iko ya karɓa.

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
Zan yi makokin da ba ya ƙarewa.

Talata ce, saura kwana biyu hutu,
Yara suna ta ɗokin watsewa.

Da safe an raba musu takardun yabo,
Iyaye na ɗaukar hoto suna yabawa.

Kafin azahar sha tara sun kwanta,
Da malamai biyu, ba mai tasowa.

Iyaye aka ce su ba da yawun baki,
A gwada, don fuskar ɗa ba ta ganuwa.

Wata koren takalminta ya nuna ta,
Da zuciyar da ta zana, abin tausayawa.

Mijin malama guda kwana biyu ya ƙara,
Zuciya ta tsaya, ya bi ta kushewa.

Ya ku ma'abota waƙa ku amsa mini,
Ta yaya yaro ke sayen abin kashewa?

Alƙalamin Zazzau

Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba iyayen yaran nan haƙuri. Amsar tambayarki tana rubuce a cikin doka. Saurayin ya cika shekara 18 ranar 16 ga Mayu, washegari ya sayi bindiga ta farko a kanti mai lasisi, ranar 20 ga wata ya ƙara ta biyu, kuma bai karya doka ko ɗaya ba wajen sayen. Na karɓa da ƙwar biyar.

Tambayarki Hajiya zan amsa,
Doka ce ta miƙa makaminsa,
Sha takwas ya cika, kwana ɗai bayansa,
Ya shiga kanti ya ƙirga kuɗinsa,
Aka ba shi, ba wani mai hanawa.

Shan barasa sai ashirin da ɗaya,
Sun ce ƙasa da nan akwai ƙuruciya,
To ina hankali, ina gaskiya,
A hana wa yaro kwalbar giya,
A ba shi bindigar yaƙi da sakewa?

Sandy Hook ashirin ne na yara,
Aka ce daga yau za a gyara,
Majalisar Dattawa ta yi shawara,
Ƙuri'a sittin ba su taru ba, an yi asara,
Hawaye ya bushe, aka ci gaba da sayarwa.

Ga wanda bai san labarin ba, a Disambar 2012 aka kashe yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook, kuma a Afrilun 2013 ƙudurin faɗaɗa binciken masu sayen bindiga ya samu ƙuri'a 54, alhali 60 ake bukata.

Ɗan Gusau

Hajiya, ina miƙa ta'aziyyata, domin wanda ya taɓa ɗaukar gawar yaro ya san nauyinta ya fi na babba. Amma na Zazzau, da kai nake. Wata guda bayan abin da ya faru a Uvalde, a Yunin 2022, gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin riƙe bindiga don kare kansu, kuma mu da muka kwana muna kiran agaji ba a zo ba mun san abin da ya kawo wannan magana.

Na Zazzau, baitinka ya yi zaƙi,
Amma ba ka kwan daji da 'ya'ya ba.

Bindiga ƙarfe ce, ba ta da niyya,
Ba ta taɓa tashi ta yi harbi ba.

Mugu ba ya neman izinin hukuma,
Ɗan fashin dajinmu bai cike fom ba.

Doka mai bin doka take ɗaurewa,
Ba ta kwance damarar azzalumi ba.

Da malama na da tata a aljihun tebur,
Da yaran nan ba su kai sha tara ba.

Gimbiyar Damagaram

Allah ya ƙara basira, Yaya na Zazzau. Baitin kwalba da bindiga shi kaɗai ya isa hujja, kuma ban ga abin da na Gusau ya taɓa a cikinsa ba.

Zazzau ta yi magana, kowa ya ji,
Sauran baitoci biyo baya suke yi, ba cimmawa.

Malam Mai Aruli

Ina roƙon Hajiya ta yi mini afuwa, domin gyaran kari a zaman makoki abu ne mai nauyi, amma marsiyyar yara ta cancanci a tsare mata ƙa'ida. Ɗan Gusau, mai buɗe fage ta ce amsa-amo “wa”, kai kuma ka koma “ba” ba tare da neman izini ba, alhali wanda ya shiga musaya bin amsa-amon mai gida yake yi. Na Zazzau, kai ma ba ka tsira ba. Ɗangonka na “Aka ce daga yau za a gyara” gaɓa 10 ne, na “Ƙuri'a sittin ba su taru ba, an yi asara” kuma gaɓa 15, a baiti ɗaya. Gimbiya, ɗangonki na biyu ya fi na farko da gaɓa 5.

Baiti in ya yi ɗingishi a fage,
Ko da hujja gare shi ba ya tsayawa.

Sarkin Yaƙin Tsafe

Malam, ka bar na Gusau ya faɗi abin da ke cinsa. Wanda gidansa ke ci da wuta ba ya tsayawa ƙirga gaɓa. Ni dai a wurina baitinsa na ɗan fashi da fom ya fi duk ƙwar biyar ɗin da aka jera.

Gimbiyar Damagaram

Malam, na karɓi gyara a kan nawa ɗangon, amma ban karɓa a kan na Yaya ba, domin mai rerawa yana iya haɗiye gaɓa, kuma kunne ne alƙalin waƙar Hausa tun kafin a kawo mana ma'aunin Larabawa. Sarkin Yaƙi kuwa, Gusau da Tsafe duk gida ɗaya ne, ba mu yi tsammanin wani hukunci daga gare ka ba.

Malam Mai Aruli

'Yata, haɗiye gaɓa ɗaya zihafi ne da aka yarda da shi, haɗiye biyar kuwa karya kari ne, kuma kunnen da kike kafa hujja da shi shi ne ya fara gaya mini.

Alƙalamin Zazzau

Malam ya yi gaskiya, na gyara: “Sittin ba su kai ba, an yi asara.” Gimbiya, na gode, amma a bar maganar nan haka. Na Gusau, ka ce da akwai bindiga a hannun mutumin kirki da an tsira. Wannan ita ce maganar da shugaban ƙungiyar masu bindiga ta NRA na wancan lokaci, Wayne LaPierre, ya yi mako guda bayan Sandy Hook, kuma Uvalde ce ta gwada ta. Rahoton kwamitin majalisar Teksas ya ce jami'an tsaro 376 suka hallara a makarantar, kuma daga ƙarfe 11:33 da maharin ya shiga har 12:50 da aka kashe shi minti 77 ne, yara na cikin aji suna buga waya suna roƙon a shigo.

Na Gusau, saurara in ba ka,
Lissafin da zai rushe zancenka,
Ɗari uku da saba'in da shida gabanka,
Kowa da makami irin na mafarkinka,
Sun cika haraba, yara na kirawa.

Minti saba'in da bakwai suna tsaye,
Da sulke da garkuwa a rataye,
A waje ana ta ture iyaye,
Mai harbi guda yana ciki a ɓoye,
Tsoron bindigarsa ya hana kutsawa.

In horarru sun kasa da tarinsu,
Da albashi da horon shekarunsu,
Malama mai alli ce za ta fi su?
Ta koyar, ta yi gadi, ta tsare su,
Ka ɗora mata abin da ba ya ɗaukuwa.

Ɗan Gusau

Ku gafarce ni da jinkirin kwana biyu, babu sabis a inda na je. Malam, na dawo kan “wa” don girmanka da na Hajiya. Na Zazzau, lissafin da ka kawo nawa ne. Idan jami'an gwamnati 376 suka tsaya suna jiran umarni, da wane dalili za ka ce in miƙa musu tsaron 'ya'yana in zauna hannu rabbana? A ranar nan akwai wani jami'in tsaron iyaka da ba ya bakin aiki, yana wurin aski aka sanar da shi, ya ari bindigar mai askin ya ruga makarantar ya taimaka aka fitar da yara, ciki har da 'yarsa.

Na Zazzau ka ba ni sanda da hannunka,
Da ita zan rama, ba ja da bayawa.

Ɗari ukun naka na gwamnati ne,
Su ne kake so in bar wa tsarewa.

Uba da aron bindiga ya shiga,
Masu albashi suna ta shawartawa.

Kai ka san gawa a cikin jarida,
Ni na san ta a kafaɗa, wajen binnewa.

Sarkin Yaƙin Tsafe

Wannan baiti na ƙarshe ba shi da amsa. Malam, ka ƙirga gaɓoɓinsa in kana so.

Malam Mai Aruli

Na ƙirga, “ja da bayawa” ba Hausa ba ce, an matsa wa kalma ne don ta ba da amsa-amo. Amma baitin kafaɗa na bar shi yadda yake, ba zan taɓa shi ba. Tun da an ce ƙirga kaɗai na iya, bari in sa baki a kan batun. Ku biyun kuna jayayya ne a kan ƙasa biyu da ciwonsu ya bambanta. Na Gusau yana magana daga inda hukuma ba ta isa ba kuma makamin ɓarayi ta ɓarauniyar hanya yake shigowa. A Uvalde kuwa makamin a kanti aka saye shi da rasit. Da aka kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane ta Sukotland a Maris 1996, Birtaniya ta haramta wa jama'a mallakar yawancin ƙananan bindigogi a 1997. Ostireliya ma, bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996, ta sayi bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. Amurka ta kasa bin wannan hanya saboda gyara na biyu na tsarin mulkinta, na 1791, wanda Kotun Ƙoli ta fassara a 2008 da cewa haƙƙin kowane mutum ne ya mallaki bindiga. Ranar 23 ga Yunin 2022 kotun ta ƙara faɗaɗa haƙƙin zuwa ɗaukar ta a wajen gida, kwana biyu bayan haka Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ta tsananta binciken masu saye 'yan ƙasa da shekara 21, ba tare da ta hana su saye ba.

Ciwon daji daban da ciwon kanti,
Magani ɗaya ba ya warkarwa.

Na Gusau kukanka gaskiya ne,
Amma ba shi ke wanke mai sayarwa.

Na Zazzau hujjarka ta tsaya daidai,
Sai dai ka rage wa ɗan'uwa zafin sukawa.

Gimbiyar Damagaram

Malam, “sukawa” ma an matsa mata, kamar yadda ka ce an matsa wa “bayawa”.

Maman Safiyya, Houston

Malam, Gimbiya, don Allah a ajiye maganar kari zuwa wani zama. Ƙanena na Gusau, ban ƙi kukanka ba, kuma ba zan ce maka ga yadda za ka tsare gidanka ba alhali ina nesa. Abin da iyayen Uvalde suka roƙa bai kai ƙwace bindigar kowa ba. A 2023 sun yi ta zarya zuwa majalisar jiha a Austin, suna riƙe da hotunan 'ya'yansu, suna neman a ɗaga shekarun sayen irin wannan bindiga daga 18 zuwa 21, kamar yadda jihar Fulorida ta yi a 2018 bayan kashe mutum 17 a makarantar Parkland. Ƙudurin ya tsallake kwamiti, amma ba a kawo shi zauren majalisa an kaɗa masa ƙuri'a ba. Da wannan doka tana nan a Mayun 2022, da saurayin nan bai samu abin da ya saya a kantin ba.

A makarantar 'ya'yana ana koya musu abin da za su yi idan mai harbi ya shigo: a kulle ƙofa, a kashe fitila, a taru a lungun da ba a hangowa ta taga, kowa ya yi shiru. Ƙaramar tana da shekara 6, kuma da ƙaramar salla na saya mata takalmi mai walƙiya idan an taka.

Na saya mata takalmi mai ƙyalli,
Ta sa shi da salla tana ta takawa.

Ran Litinin ta ce Mama ajiye shi,
Makaranta ba a zuwa da mai haskawa.

Na ce don me? Ta ce in mun ɓuya,
Mai bindiga zai gan ni in yana dubawa.

Na juya fuska don kar ta ga hawaye,
Na ɗauko tsohon na shiga ɗaurawa.

Na kai ta ƙofa, na yi mata addu'a,
Na tsaya har ta shige ina hangowa.