Tiyatar zuciya ga wadanni: inda aiki ke cijewa

Likitan zuciya: Salamu alaikum, abokan aiki. Kowa ya kawo abin da yake gani a ɓangarensa idan wada ya zo da ciwon zuciya. Tun daga awon hawan jini ake fara kuskure. Mai akondurofilasiya, wato nau'in wadancin da aka fi samu, damtsensa gajere ne, mai kauri. A ɗaura masa maɗaurin awo na yara, awo ya haura gaskiya. A sa na manya, ya zarce gwiwar hannu. Faɗin jakar iskar da ke cikin maɗaurin ya kai kashi 40 cikin 100 na zagayen damtse. In ta ƙi zama, a auna ƙasa da gwiwar hannu, a rubuta inda aka auna. Ga ƙiba, ga ɗaukewar numfashi cikin barci, duk suna ƙara wa zuciyarsu nauyi.

Likitan sa barci: Wa alaikumus salam, Likita. Mu dai wuya ne abin tsoronmu. Kafar da laka ke bi a gindin ƙoƙon kai matsattsiya ce a wurin da yawansu, don haka tanƙwara kai baya sosai wajen zura bututun numfashi na iya danne laka. Mai ciwon Morkiyo, wani nau'in wadanci da ake gado, ya fi haɗari, domin ƙasusuwan wuyansa biyu na sama ba su riƙe juna da kyau. A yi hoton wuya kafin ranar aiki, mutum ɗaya ya riƙe kai, a zura bututu da na'ura mai kyamara. Harshe babba ne, karan hanci a lotse, abin rufe fuska na ba da iska sai ya riƙa zubar da ita. Kada shekaru su zaɓa maka bututu. Ka tanadi ƙanana a gefe.

Mai kula da injin zuciya da huhu: Ranka ya daɗe, haka yake a wurinmu ma. Da injin da ke aikin zuciya da huhu lokacin tiyata muna tura jini lita 2.2 zuwa 2.4 a minti kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, amma lissafin nan an gina shi ne kan masu daidaiton gaɓoɓi. Mai akondurofilasiya kuwa gangar jikinsa kusan ta kowa ce, hannu da ƙafa ne gajeru. Saboda haka ba ma dogara da lissafi kaɗai, muna bin iskar oksijin da ke jinin da ke dawowa. Sai tsinkewar jini: mai kilo 40 jininsa bai wuce lita 3 ba, in ka cika injin manya da ruwa lita ɗaya da rabi ka tsinka shi ƙwarai. A rage tsawon bututai, a sa ƙaramin inji.

Likitan tiyata: Jijiyar ƙafa da muke cirowa don kewaye toshewar jijiyoyin zuciya gajera ce, ba lallai ta isa dashe uku ba. A duba ta da hoto tun kafin a yanka, a dogara da jijiyar bayan ƙashin ƙirji. Bawul kuma, wato marfin da ke hana jini komawa baya a zuciya, a auna bakinsa da hoton eko (hoton zuciya da ake ɗauka da sauti), kada a yi ƙiyasi da tsayi. Jariri mai ciwon Ellis-van Creveld, shi ma nau'in wadanci ne, a duba zuciyarsa da wuri, kusan rabinsu da tawayar zuciya ake haifarsu, galibi babu bango tsakanin ɗakunan sama biyu.

Nas ta ɗakin kulawa ta musamman: Likitoci, ku ƙara da kwanciya. Gwiwar hannu ba ta miƙewa duka, kada a tilasta ta. A sa matashi ƙarƙashin gwiwoyi saboda lanƙwasar ƙugu. Kada a yi gaggawar cire bututun numfashi, kuma mai injin CPAP, na taimaka wa numfashi cikin barci, ya zo da nasa. Abin da ke damuna shi ne gado: da hannu suka saba dogarawa su hau, alhali ƙashin ƙirji sai ya yi mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe. A sauke gadon ƙasa, a kawo matattakala, a koya wa majinyacin hawa yana rungume da matashi a ƙirji.

Likitan tiyata: Kin yi gaskiya, 'yar'uwa. A faɗa wa iyalinsa su shirya gado da banɗaki haka a gida kafin ranar sallama.