Rumbunku yana kai ku wane wata?

Ɗan Mirya: Salamu alaikum 'yan uwa. A gidanmu tun zamanin Baba, da an gama sussukar wake sai a liƙe rumbun gandu, maza su tafi cin rani Kano, mata su riƙe gida da hatsin gamanarsu, wato 'yar gonar da ake ba mace ta noma wa kanta. Ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka, don mai haƙon noma ya samu hura. Yanzu gonar an raba ta gado, kowa ya samu ɗan yanki, damman ba su kai mu watan bakwai. Ku ya kuke yi?

Inna daga Kantche: Ɗana, wannan liƙe rumbun a kanmu mata yake ƙarewa. Wace gamana? Da yawa ba a ba su ko taki ɗaya yanzu. Ni ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ke ciyar da yara duk rani, in abu ya yi tsanani akuya ta tafi kasuwa. Wannan halin ke tura mata Aljeriya yin bara, kuma ba mu manta da 2013 ba, da mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hamada, mafi yawansu mata da yaran yankinmu.

Manomin Magarya: Gaskiya ne Inna, Allah ya jiƙansu. Ni abin da ya ɗan ɗaga ni gawo ne. In ana sassabe ba na tumɓuke tohon, sai in bar ƙarfafa in rage sauran. Gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa, ga dabbobi na kwana gindinsa da rani suna barin taki. Zangarniyar gindin gawo daban take, ko makaho ya shafa zai gane. 'Ya'yansa ma ina tarawa tumaki.

Ɗan Tanut: Ku kudu kuna da daɗi. Mu a 2005, bayan fara da fari, 'ya'yan anza, wani itacen daji mai ɗaci, muka jiƙa muka ci.

Malamin makaranta, Damagaram: Abin da na gani a ƙauyenmu, ba ƙarancin damma kaɗai ba ne. Da kaka ake sayar da tiya da arha saboda biki da biyan bashi, da damina a sayo ta ninki a hannun ɗan kasuwar da ya ɓoye ta. Maigida ya tafi barema gonar wani, tasa ciyawa ta cinye. Da ƙungiyarmu ta fara ajiye wake a mangaza ana ba mu rance a kansa, sai farashi ya tashi mu sayar, abin ya yi sauƙi. Hatsin rahusa na OPVN, ma'aikatar ajiyar cimaka ta gwamnatin Nijar, yana taimako, sai dai sau da yawa yakan iso a makare.

Ɗan Mirya: Malam, waken ba ya ƙwari a mangazar? Da wane irin buhu kuke ajiyewa, mai leda uku ɗin nan, ko a tano, wato durom, kuke zubawa?