Neman shawara: muna son shirya wasan bindigar roba a Manchesta, me doka ta ce?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wani abu da ya fara da hira, yanzu kuma yana neman zama gaske. Ni ɗalibi ne a Manchesta, shekarata ta biyu ke nan a Ingila. A bazarar da ta wuce wani abokin karatuna ya kai ni wani fili a bayan gari inda ake wasan da ake kira eyasof, wato wasan yaƙi da bindigogi masu kama da na gaske, amma abin da suke harbawa 'yan ƙwayoyin roba ne masu faɗin milimita 6. Wanda ƙwaya ta sama sai ya ɗaga hannu ya fita, ba jini ba rauni, sai ɗan zafi kamar cizon rina. Na dawo na ba samarinmu labari, yanzu mun kai mu goma sha huɗu masu sha'awa, ciki har da ƙannen wani abokinmu su biyu 'yan shekara 16.

Shirinmu shi ne mu haɗa kuɗi mu sayo bindigogin daga wani shagon intanet na ƙasar waje, domin sun fi araha a can, sannan mu riƙa fita da sassafe ranar Lahadi zuwa wani ɗan kurmi da ke bayan unguwarmu, inda ba a ganin kowa sai masu yawo da kare. Idan kurmin bai yiwu ba, akwai wani da muke aiki tare wanda kawunsa ke da gona, ya ce zai yi mana magana. Tambayata ita ce, ana bukatar lasisi ne, kuma akwai abin da zai iya jefa mu cikin matsala?

Wani ɗan uwa daga Bamingham, wanda ya daɗe yana wasan:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ka yi kyan kai da ka tambaya tun kafin ku biya kuɗi. Maganar kurmi ku binne ta tun yau. Sashe na 19 na Dokar Makamai ta 1968 ya haramta wa mutum ya riƙe abin da ya yi kama da bindiga a wurin da jama'a ke da ikon shiga ba tare da izini ko uzuri karɓaɓɓe ba, kuma hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin wata 12. Kurmin da ake yawo da kare a cikinsa wurin jama'a ne ko da ƙarfe shida na safe ne, kuma "wasa muke yi" ba uzurin da zan so in dogara da shi ba ne a gaban alƙali. Idan kuma kurmin mallakar wani ne kuka shiga ba da yardarsa ba, to kun fāɗa wani sashen dabam, na 20, wanda ya shafi kutse da makami ko da abin da ya yi kama da shi.

Amma ni ba kotun ce ta fi ba ni tsoro ba, abin da zai faru kafin a je kotun ne. Matar da ta fito da karenta ta hango mutum goma sha huɗu cikin kakin soja riƙe da abin da ba ta iya bambanta shi da AK-47 ba za ta tsaya tambaya ba, lambar gaggawa ta 999 za ta kira, kuma waɗanda za su amsa kiran 'yan sanda ne masu ɗauke da bindigar gaske. Su ma daga nesa ba su da hanyar sanin roba ce a cikin taku.

Wani ɗan uwa daga Landan:

Abin da na sani shi ne sai kun yanki lasisin UKARA tukuna. Da zarar kun same shi za ku iya mallakar bindigar, ku kuma yi wasa inda kuka ga dama.

Wata 'yar uwa mai karatun shari'a:

Malam, da izininka zan gyara wannan magana, domin kuskure ne da ya yaɗu sosai kuma yana iya cutar da mai tambaya. UKARA ba lasisi ba ne, ba kuma hukuma ce ta gwamnati ba. Ƙungiya ce ta masu shagunan sayar da kayan wasan, kuma rajistarta ba ta ba kowa damar yin wasa a ko'ina.

Asalin abin shi ne Dokar Rage Laifukan Tashin Hankali ta 2006, wadda sashenta na 36 ya mayar da abubuwa huɗu laifi game da bindigar da ta yi kama da ta gaske sak: ƙera ta, sayar da ita, shigo da ita Birtaniya, da kuma sauya wa wadda ba ta yi kama ba kamanni har ta yi kama. Ku lura cewa mallaka kawai ba ta cikin jerin. Da aka ga dokar za ta kashe wasan baki ɗaya, sai ƙa'idojin da suka fara aiki a ranar 1 ga Oktoba 2007 suka buɗe ƙofa: mai sayarwa yana da kariya idan ya nuna cewa ya sayar ne domin wasan kwaikwayon aikin soja ko na 'yan sanda na nishaɗi, wanda ke da inshorar da za ta biya duk wanda aka cutar. To ta yaya mai shago zai tabbatar cewa kai ɗan wasa ne na gaske? A nan ne UKARA ta shigo. Sai ka yi wasa sau uku a fili ɗaya mai rajista, a cikin lokacin da bai gaza wata biyu ba, kana da shekara 18 ko fiye, sannan filin ya sa sunanka a rumbun bayanansu, mai shago ya duba lambarka kafin ya sayar maka. Iyakar aikinta ke nan.

Saboda haka, ɗan uwa mai tambaya, shirin sayowa daga ƙasar waje shi ne ya fi haɗari a cikin duk abin da ka lissafa, domin a nan kai ne mai shigowa da kayan, laifin kuma a wuyanka yake, ba a wuyan shagon ba. Jami'an kan iyaka suna riƙe irin waɗannan ƙunshin su nemi hujja, idan babu su ƙwace. Arahar da kuke hange tana iya zama asarar kuɗin gaba ɗaya.

Wanda bai da rajista kuma yana gaggawa yana iya sayen bindiga mai launi biyu, wadda aka shafe mafi yawan jikinta da launi mai haske kamar ja, shuɗi, kore ko ruwan lemo, domin doka ba ta ɗauke ta a matsayin mai kama da ta gaske sak ba. Sai dai kada wani a cikinku ya saya ya dawo gida ya fesa mata baƙin fenti, wannan shi ne laifin sauya kamanni da na ambata. Kada kuma a ɗauka launin ya halatta fita da ita titi ko kurmi, sashe na 19 yana iya hawa kanta ita ma. Game da ƙannen nan biyu, laifi ne wanda bai kai shekara 18 ba ya sayi bindigar kwaikwayo ko da mai launi ce, laifi ne kuma a sayar masa. Yin wasan bai haramta gare su ba, sai dai kowane fili yana da nasa ƙa'idar shekaru, kuma za a nemi sa hannun uba ko mariƙi.

Wani injiniya daga Lesta:

Zan ƙara abu guda a kan bayanin 'yar uwarmu, wato ƙarfin bindigar, domin shi ne wani dalilin da ya sa ban yarda da sayayya daga waje ba. Tun daga Dokar Aikin 'Yan Sanda da Laifuffuka ta 2017 aka fayyace iyakar da idan bindigar eyasof ba ta wuce ba, ba a lissafa ta cikin makamai, ana auna ta da jul, wato ma'aunin ƙarfin harbi: jul 1.3 ga wadda ke ɓarin wuta idan an danne kunamarta, jul 2.5 ga wadda ke harbi ɗaya-ɗaya, kuma ƙwayar ta zama ta roba wadda faɗinta bai wuce milimita 8 ba. Da ƙwaya mai nauyin giram 0.20, jul 1.3 yana daidai da gudun kusan ƙafa 374 a sakan guda. Shi ya sa yawancin filaye suke tsayawa a ƙafa 350, su bar 'yar tazara, su kuma bar bindigar maharbin nesa ta kai ƙafa 500 da sharaɗin ba za a harbi kowa da ita daga kusa ba.

Bindigogin da aka ƙera domin kasuwar wasu ƙasashe sau da yawa suna zuwa da ƙarfin da ya zarce wannan. Mai ɓarin wuta da ta haura jul 1.3 ta fita daga rangwamen, ana kuma iya ɗaukarta a matsayin haramtaccen makami na sashe na 5 na Dokar Makamai ta 1968, inda ake maganar ɗaurin shekara 5 mafi ƙaranci ga baligi. Ido ba ya gane wannan, sai na'urar awon gudun ƙwaya, kuma a auna da ƙwayar da za a yi wasan da ita, domin wasu bindigogin gas ƙarfinsu yana ƙaruwa idan aka sa musu ƙwaya mai nauyi. Wanda yake Ireland ta Arewa kada ya yi aiki da lissafina, can iyakar jul 1 ce.

Wani dattijo da ya shekara talatin a ƙasar:

Yaro, ban san wasan nan ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce ina sha'awarsa ba, amma ban ga aibunsa ba idan an yi shi a inda aka tanada. Abin da zan tuna maka shi ne ku baƙi ne, baƙaƙe, Musulmi, wasunku da gemu. Hoto guda na taronku cikin kaki a kurmi, idan ya faɗa hannun wanda bai san ku ba, fassarar da za a yi masa ba ita za a yi wa na 'ya'yan masu ƙasa ba. Ba adalci ba ne, amma haka zaman yake. Sannan yawancinku da bizar karatu kuke zaune, kuma duk hukuncin da kotu ta yanke wa mutum yana biyo shi ranar sabunta takardu. Iyayenku ba su sayar da filaye sun turo ku domin a koro ku saboda bindigar roba ba.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Baba, kuma na gode wa kowa. Kurmi da sayayya daga waje mun fasa. Saura maganar gonar, tun da ita mallakar mutum ce kuma da yardarsa za mu shiga.

Ɗan uwa daga Bamingham:

Gona ba haramun ba ce, amma ranar da ka tara mutane a cikinta ka tashi daga ɗan wasa ka zama mai shirya wasa, nauyin kuma ya koma kanka. Kana bukatar yardar mai gonar a rubuce, shi kansa, ba ta bakin ɗan ɗan'uwansa ba. Kana bukatar inshorar da ta ambaci wannan wasa da sunansa, domin da wuya inshorar noma ta biya idon da ƙwaya ta fasa. Ka duba taswira ko akwai hanyar ƙafa ta jama'a da ta ratsa gonar, abin da ya zama ruwan dare a karkarar Ingila, domin idan akwai, maganar wurin jama'a ta dawo. A ɓangaren ƙaramar hukuma, ƙa'idar tsara ƙasa ta Ingila ta yarda a yi amfani da fili na wucin gadi har kwana 28 a shekara ba tare da neman izini ba, amma an cire wasan yaƙi daga wannan rangwame idan filin yana cikin wuraren da aka keɓe saboda muhimmancinsu ga kimiyya da halittu. Sai sanar da maƙwabta, sai kiran 'yan sanda a lamba 101 tun kafin ranar a ba ka lambar shaidar cewa ka sanar. Bayan haka ga na'urar awo, ga alƙalan wasa, ga wanda ya iya taimakon gaggawa, ga wurin hutu da ba a shiga da bindiga mai ƙwaya a ciki, ga tabarau na kariya mai hatimin EN166 na ingancin kariyar ido, ba na rana ko na walda da aka tsinto ba.

Duk wannan saboda mutum goma sha huɗu da goma sha uku daga cikinsu ba su taɓa riƙe abin ba. Ni da ni ne kai, filin da abokinka ya kai ka zan kira in ce ina da ayari, a ba mu rana ko rabin rana tamu. Filaye da yawa suna karɓar irin wannan, su ba da hayar bindiga da abin rufe fuska, inshora da alƙalai nasu ne, kuma idan filin yana da rajista zuwan zai shiga lissafin ukun nan na UKARA. Ka gaya musu tun farko cewa za ku tsaya sallar azahar, mu ba a taɓa hana mu ba. Wanda har yanzu yake sha'awa bayan zuwa na uku sai ya sayi tasa a shagon cikin gida. Za ka ga rabin ayarin sun janye da zarar sanyin Nuwamba ya shigo.

'Yar uwa mai karatun shari'a:

Na goyi bayan wannan. Idan lokacin saye ya yi, a riƙa ɗaukar bindigar cikin jaka rufaffiya, an cire gidan ƙwaya da batir, daga gida kai tsaye zuwa fili, domin wannan tafiyar ce uzurin da doka za ta saurara. Wanda ke ɗakin kwanan jami'a ya karanta yarjejeniyar hayarsa kafin ya saya, da yawa sun hana ajiye ta. Kada kuma wani ya nuna wa abokin faɗa ita da nufin tsoratarwa ko da ba komai a cikinta, sashe na 16A na Dokar Makamai ya tanadi ɗaurin har shekara 10 a kan hakan.

Mai tambaya:

Na kira filin da yammacin nan. Sun ce suna da gurbi Asabar ta biyu a wata mai zuwa, za su turo takardar da mahaifin yaran zai sa wa hannu, kuma suna so in tabbatar musu da adadinmu kafin Juma'a. Wanda yake kusa da Manchesta kuma yana son shiga ya yi mini magana, har yanzu muna neman mota ta uku.